Mai Sunan Inna

Saura kwana goma sha tara a ɗaura auren Wasila da Wada, ni Shuhada, da wannan bakin nawa mai ƙaiƙayi, na tono abin da ya shekara ashirin da huɗu a binne. Har gobe in na tuna sai in ji kamar in kwaɗa wa kaina mari.

Wasila 'yar Baba Ajimi ce, wan mahaifina. Gida ɗaya muka tashi a Bulabulin cikin Nguru, tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Tana da shekara huɗu mahaifiyarta Mairam ta rasu, uwata ta haɗa mu ta riƙe. Saboda haka duk wahalar da ta sha a kan Wada, da idona na gani.

Shekara uku cur Baba yana cewa a'a.

Da farko cewa ya yi, "Ɗan masunta? Gidana ba ya ƙarnin kifi."

Da aka matsa masa, ya sake salo. "An ce ciwon ƙoda ne ya kashe uwarsa. Ba zan kai 'yata inda za ta ƙare da jinya ba."

Wada ya je asibiti, ya kwaso takardun gwaji har guda huɗu, ya durƙusa a zaure ya miƙa. Baba bai ko kalle su ba. Gaskiyar maganar kowa ya san ta: akwai Dunoma, ɗan ƙanwarsa, dillalin shanu da ke zirga-zirgar Machina, mai mota da ƙaton agogo. Shi Baba yake so.

Wasila ba ta yi rashin kunya ba, ba ta gudu ba. Ramewa kawai ta dinga yi har awarwaronta ya riƙa zamewa. Sai da limamin unguwa ya tako da ƙafarsa sau biyu sannan Baba ya sauko.

"A sa rana," in ji shi. "Amma ku sani ba da farin cikina ba."

Ko a lokacin bai taɓa furta Wada ba. Sunan yankan yaron Muktar, kuma da shi duk manyan gidanmu suka san shi. Wada kuwa sai mu da abokansa na kasuwar kifi.

Ni ina aiki a wani shagon buga kati kusa da tasha, don haka kayan rabon biki a wuyana suke. Wata ranar Asabar da hantsi suka zo su biyun su ga zanen ɗan littafin da za a raba. Na sa haruffan farko na sunayensu a tsakiya da ruwan zinare, iri ɗaya, gefe da gefe.

"Yanzu yayi ake yi a rubuta ma'anar suna a ƙasa," na ce, na jawo waya. "Ku saurara. Walida, jaririya sabuwar haihuwa. Wahida, tilo, wadda ba ta da ta biyu. Wafa'u, cika alkawari. Wasimu, kyakkyawa. To ba kai ba ne, Wada, kar ka ɗaga kai."

Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ga naki. Wasila, Larabci ne, hanyar da ake bi a kai ga abin da ake nema. Naka kuwa babu shi sam, sai Wadud da Wahabu kawai na gani."

"Nawa ba na waya ba ne," in ji shi. "Shekarar da aka haife ni kogi ya yi kyauta irin wadda tsofaffi ba su taɓa gani ba. Taru ɗaya sai ya cika kwalekwale biyu. Tarwaɗa har kyauta ake bayarwa don an rasa itacen banda. Inna ba ta iya faɗin sunan ɗan fari, sai ta ce, wannan ai da wadata ya zo. Shi ke nan Wada ya bi ni."

Ya juya ya dube ta. "Ke fa, Mai sunan Inna? Wa kika ci sunansa?"

Haka yake kiran ta. Mahaifiyarsa marigayiya ita ma Wasila ce, don haka a shekara ukun nan ko da wasa bai taɓa kama sunan ba. Ya sha cewa ranar da ya fara jin an kira ta a bakin kasuwa, kwandon kifin da ke hannunsa sai da ya kusa suɓucewa. Mu kuwa muna ta cewa ikon Allah, an haɗa tun daga sama.

Wasila ta ɗaga kafaɗa. "Ban sani ba. Baba ya ce malami ne ya zaɓa."

Nan fa shegen bakina ya motsa.

"Wane irin malami? A zuriyarmu akwai wanda ba shi da takwara? Ni sunan goggon Baba na ci. Ƙanwata Karima sunan kakarmu. Ke kaɗai aka tsinto naki a littafi? Ai a Gashua aka haife ki, wurin Kaka Yagana. Jibi za mu kai mata atamfar biki, sai mu tambaye ta. Kowa da labarinsa a ƙasan sunansa, ya fi na waya armashi."

Wada ya ce wallahi shawara ta yi. Wasila ta yi murmushi ta ce to.

Baki shi ke yanka wuya. Da na sani na haɗiye harshena.

* * *

Ranar Litinin Baba ya ce ba za mu hau motar haya ba, Dunoma zai kai mu. Ko da gangan ya yi, oho.

Tun daga fitar gari har muka wuce Jajimaji bakin Dunoma bai huta ba.

"Amarya ba kya laifi. An ce gidan haya za a kai ki, ɗaki ciki da falo? Allah sarki. Ni dai ginin nan nawa na Sabon Gari har yanzu ba kowa a ciki."

"Sai ka zuba shanunka," na ce.

Ya kalle ni ta madubi ya yi ƙwafa.

Kaka Yagana ita ta haifi mahaifiyar Wasila. Tana zaune a gidan ɗanta Kawu Usaini, malamin zaure. Idonta ya tafi shekara biyar ke nan, amma kunne da ƙwaƙwalwa garau. Dunoma ya riga mu shiga, ya dire mata buhun shinkafa da turmin atamfa, ya sha addu'a, sannan ya ce zai leƙa kara, kasuwar shanu, ya dawo bayan la'asar.

"Wushe, wushe, lale da 'yan Nguru," in ji Kaka, tana shafa fuskar Wasila da tafin hannu. "Ke haka ake amarya? Duk kin zama ƙashi."

Muka ci dambu, muka sha hira. Sai na ciro biro da takarda kamar wata 'yar jarida.

"Kaka, tambaya gare ni. Sunan Wasila, daga ina aka samo shi?"

Hannun da take jan carbi da shi ya tsaya.

"Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa. A littafin rabo za mu sa. Ango ya ba da labarin nasa, saura na amarya."

Can ta nisa.

"To. Mairam ta mutu, mai sunan ma na ji ta mutu. Ni ma ƙafata ɗaya tana rami. Ajimi in ya ji, ya yi abin da zai yi."

Ta jawo Wasila kusa da ita.

"Da damina aka haife ki, shekarar da ruwa ya cinye unguwar bakin kogi. Gidanmu ya faɗi kina kwana biyu a duniya. Aka kwashe mu aka zuba a makarantar firamare, gida bakwai a aji ɗaya. Uwarki zazzaɓi ya kama ta, ba ta san wanda ke kanta ba, nono ya ƙafe ƙaf. Ubanki yana kudu da lodin shanu, hanya ta yanke. Na ba ki ruwan dabino kika amayar. Kwana na uku kuka ma kin daina, sai buɗe baki kamar ɗan tsuntsu."

Wasila ta riƙe hannunta gam.

"A kusurwar ajin akwai wata matar masunci, 'yar ƙabilar Bade, doguwa, da yaro a baya. Ba ta ce da ni komai ba. Tasowa kawai ta yi ta karɓe ki daga hannuna, ta juya wa mutane baya ta yafa zane. Kwana goma sha ɗaya tana ba ki. Sai kowa ya fita karɓar abinci take yi, don na roƙe ta kada wani ya sani. Kin san ubanki. Da ya ji matar masunci ta ba 'yarsa nono, sai ya saki Mairam tana kwance. Ita Mairam ɗin ma cewa na yi da ita nonon akuya kika sha."

Na ajiye biron.

"Ranar suna saƙonsa ya iso ta bakin wani direba. Sunan namiji kaɗai ya tanada. Wai in mace ce, malami ya zaɓa. Ni kuwa ba ni da ko zane ɗaya da zan ba matar nan, ruwa ya tafi da komai. Sai na je na raɗa wa malamin sunanta. Shi ne ladan da na iya biyan ta."

"Allah ya jiƙan ta," in ji Wasila. Ta juyo gare ni idonta taf da ƙwalla, tana murmushi. "Shuhada, Wada zai ji daɗin labarin nan."

Kaka ta ɗago kai.

"Wa kika ce?"

"Wada, Kaka. Angon."

"Ba Muktar aka ce da ni ba?"

"Shi ne. Muktar sunan yanka, Wada kuma..."

"Wanda aka haifa shekarar da kifi ya yi arha?"

Wasila ta saki hannun Kaka.

"Uwarsa wa sunanta?"

Muka dubi juna, ni da Wasila.

"Akwai tabon ƙuna a bayan hannunsa na hagu? Yana rarrafe ya dafa murhun banda. A ajin nan ni na riƙa shafa masa man shanu."

Na san tabon. Wasila ta fi ni saninsa. Ta sha yi masa tsiya a kai, wai kifi ne ya rama.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Kaka. Ta ɗora hannu biyu a ka. "Nono ɗaya kuka sha. Yayanki ne, Wasila."

* * *

"Ƙarya ne!"

Ban taɓa jin Wasila ta ɗaga wa babba murya ba sai ranar.

"Ƙarya ne, Kaka! Shekara uku ana maganar nan, ba ki ce komai ba sai yau da Dunoma ya dire miki buhu?"

"Ke, Wasila!" na ce.

"Bar ni, Shuhada! Ai tun ba yau ba take cewa tuwona maina ya fi. Baba ya gaza, shi ne aka biyo ta nan?"

Kaka ba ta yi fushi ba. Hawaye ne kawai ke fitowa daga idanun nan da ba sa gani.

"Da wane baki zan faɗa? Muktar ɗan Madu aka ce da ni. Madu nawa ne a Gashua? Matar nan ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, ba ta taɓa kama sunan ɗanta ba. Maigida da Wada, abin da na sani ke nan. Ruwa na janyewa suka koma hayin kogi, ban ƙara ganin ta ba. Ke kuma da kika zo mini da zancensa, kin taɓa faɗa mini sunan uwarsa?"

"Surukata ce, ta yaya zan kama sunanta?"

"To kin gani. Kowa ya rufe bakinsa don kunya."

Wasila ta zube a gabanta, ta kama ƙafafunta.

"Kaka, ki tuna da kyau. Kin tsufa, shekarun da yawa. Wataƙila ba nono ta ba ni ba, rungume ni kawai ta yi. Wataƙila wani Wadan ne. Don girman Allah ki ce ba ki tabbata ba. Kalma ɗaya, Kaka. Ki ce ba ki tabbata ba."

"Da zan iya, da na ce. Ni na ɗora ki a cinyarta da hannun nan. Na ji ƙarar haɗiyarki, na yi wa Allah godiya. Ba zan shiga kabari da ƙarya biyu ba, ɗayar ma ta ishe ni."

Hayaniyar ta jawo Kawu Usaini daga zaure. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ji komai daga bakin mahaifiyarsa. Shi lokacin ambaliyar yana gabas wurin karatu, bai san komai ba. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Ya," ya ce, kamar yadda yake kiran mahaifiyarsa, "bayan ke akwai wanda ya gani?"

"Babu. Daga ni sai ita sai Allah."

Ya zauna a dokin ƙofa. "Zan faɗi abin da na karanta, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. A wurin malamanmu, shaidar mace ɗaya a kan shayarwa ba ta isa alƙali ya raba aure. Amma sun ce abin da ya fi, a nisanta. Wanda kuma zuciyarsa ta gaskata maganar, to shi da Ubangijinsa."

Wasila ta ɗago da sauri kamar wadda aka miƙo wa igiya a rijiya.

"Ke nan ba a hana ba?"

"Ban ce haka ba, 'yata."

"Amma ba za a raba ba. Ka ce ba za a raba ba."

Kawu ya sunkuyar da kai. "Ba zan kai wa Ajimi maganar yau ba. Shi yaron yana da haƙƙin ya fara ji."

Ta ja ni bayan ɗaki, gindin wata darbejiya. Hannunta sanyi ƙalau.

"Shuhada, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kaka ba ta fita. Kawu zan roƙe shi. Saura ke."

"Wasila..."

"Ke kika jawo. Ke kika ce a tambaya. Ina zaman zamana, saura kwana goma sha bakwai. Kin san abin da na sha. Kin ga ranar da Baba ya mare ni, ke kika gasa mini fuska. Ki rufa mini asiri, 'yar'uwata. Ban taɓa roƙon ki komai ba."

Allah ya sani, na so in ce to. Na buɗe baki ma. Allura na je nema, na tono garma.

"In kin haihu fa?" na ce a ƙarshe. "Kullum kika kalli yaron me za ki tuna?"

Ta sake ni. Ta jingina da bishiyar tana kuka marar sauti.

Wayarta ta yi ƙara. Wada ne. Dama ya zo Gashua tun jiya ɗaukar kaya, kuma sun yi da ita zai zo ya gaida Kaka karo na farko.

"Yana ƙofar gida," ta ce.

* * *

A zauren Kawu suka zauna, shi a bakin tabarma, ita a can ƙarshe, ni a tsakani wajen ƙofa kamar yadda muka saba. Shekara uku ina rakiyar zancen nan, kuma na rantse ko gefen hijabinta bai taɓa taɓawa ba. In zai ba ta abu, ajiyewa yake a ƙasa ta ɗauka. Har tsokanar sa nake, in ce malam sarkin tsoron Allah. Sai ya ce, "Saura ƙiris, Shuhada. Mai haƙuri shi kan dafa dutse."

Ya zo da ƙullin kifi banda na Kaka, fuskarsa fal fara'a. Yana ganin idonta fara'ar ta ɗauke.

"Mai sunan Inna, lafiya? Baba ne ya sake magana?"

Ta girgiza kai.

"Dunoma?"

Na zuba mata ido. Ban san me za ta ce ba. Da ta yi ƙarya a lokacin, ban san ko zan tona ta ba, kuma har yau ban sani ba.

"Na samo labarin sunana," ta ce.

Ta faɗa masa. Ba ta rage komai ba, har man shanun. Tana yi tana haɗiyar kuka, shi kuwa idonsa na kan bayan hannunsa na hagu. Da ta gama bai motsa ba.

"Amma Kawu ya ce shaidar mace ɗaya ba ta raba aure," ta ƙara da sauri. "Ka tambaye shi. Kaka ta tsufa, ba ta gani. Goggonka Talatu da ta riƙe ka, ta taɓa faɗa maka haka?"

"Lokacin tana aure a Dapchi."

"To ka gani! Babanka fa, kafin ya rasu?"

"Bai taɓa ba."

"Ka gani! Ba wanda ya sani. Mace ɗaya ce, Wada. Mace ɗaya tak."

Ya ɗago. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Wa ya faɗa wa Kaka labarin kifin shekarar da aka haife ni?"

Ta kawar da kai.

"Wa ya faɗa mata tabon nan? Ba ta taɓa ganina ba."

"Wataƙila Dunoma..."

"Dunoma ne ya raɗa miki suna?"

Kukan da take dannewa ya ƙwace.

"A duk danginku babu mai sunan nan. Shuhada ce ta faɗa, kina zaune. Shekara ashirin da huɗu ana kiran ki da shi safe da yamma. In Kaka shaida ɗaya ce, sunan nan fa? Shi ba ya tsufa, ba ya makancewa."

"Alƙali ba zai karɓa ba!"

"Ba alƙali zan aura ba."

"To ni fa? Ni ka yi tunanina? Ka san abin da ke jirana a gida? Baba zai ce dama ya faɗa. Kafin wata ya mutu zai ba Dunoma, rana ma ba sai an sake sawa ba, ga kaya an riga an saya. Wada, na yi maka biyayya shekara uku. Na ƙi kowa. Kada ka yi mini haka. Mu yi shiru, Allah mai gafara ne."

"Kina jin ni ba na so?" in ji shi. "Shekaranjiya na kai katifa ɗakin. Da hannuna na yi fenti, shuɗi, wanda kika ce. Wallahi da a ce wuta ce aka ce in shiga a kanki, ta duniya, da na shiga."

Ya goge fuska da hannun riga.

"Ina da shekara tara Inna ta rasu. Ni kaɗai ta haifa. Tana kwance, ƙafafunta sun kumbura, takan ce, ni dai da Allah ya bar mini 'ya mace ko ɗaya. Ban gane ba. Na zaci addu'ar abin da ba ta samu ba take yi."

Ya miƙe. Na zaci fita zai yi. Sai na ga ya tako tabarmar, ya wuce ni, ya nufi inda take.

Wasila ta riga ni ganewa. Ta ja da baya har ta haɗu da bango, ta cusa hannayenta cikin hijabi.

"Kada ka taɓa ni."

Ya durƙusa a gabanta.

"Wada, don Allah kada ka taɓa ni! Ka koma wurinka. Ka bari sai an ɗaura, kai ka ce saura ƙiris. Shuhada, ki ce masa ya koma!"

Hijabina na cusa a baki.

Ya ɗaga hannun nan mai tabo, ya ɗora a kanta. Mutumin da bai taɓa miƙa mata ko biro hannu da hannu ba. Ya sa babban yatsa ya share mata hawaye, kamar yadda ake yi wa yarinya ƙarama.

"Yi shiru, ƙanwata," ya ce. "Yi shiru. Ni zan je in faɗa wa Baba da bakina. Kuma in dai ina numfashi, ba mai ba da ke ga wanda ba kya so. Yanzu ina da bakin magana a gidan."

Ƙarar da ta yi, har Kaka ta jiyo daga cikin gida ta kama salati.

A waje Dunoma ya dawo daga kara, yana ta danna mana hon wai mu fito kada magariba ta yi mana a hanya. Na leƙa jakata neman hankici, hannuna ya ci karo da takardar da na zo da ita. Sunayen biyu suna nan a sama, gefe da gefe, na bar fili a ƙasan nata don labari.

Na ninke ta na mayar. Wada bai ɗauke hannunsa ba, ita kuma ta daina ture shi.